Fayil ɗin ISO da gidan faifai na kwaikwayo: me za a saya, me za a bari?

Laftof ɗin yanzu ba su zuwa da gidan faifai, amma direbobin firinta da manhajojin makaranta da bidiyon biki har gobe suna kan faifai, ko kuma a cikin wani fayil mai ƙarewa da .iso. A kan wannan tambayoyinku suka taru a wannan makon, ga amsar waɗanda muka zaɓa.

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Zariya. Na sayi laftof na hannu mai Windows 10, ba ta da wajen saka faifai. An turo mini direban firintata a fayil ɗin ISO, wani mai gyara ya ce sai na biya ya saka mini PowerISO kafin ya buɗu. In biya?

Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 kwamfuta ke buɗe ISO da kanta, kuma Windows 10 da 11 sun gaji wannan.

Fayil ɗin ISO kwafin faifai ne sukutum, da foldodinsa da tsarinsa, an dunƙule shi a fayil guda. Sunan ya samo asali ne daga ISO 9660, ƙa'idar jera bayanai a faifan CD da aka kafa a 1988. Idan ka ɗora shi, Windows za ta ƙirƙiro gidan faifai na kwaikwayo, ta ba shi harafi kamar E: ko F:, duk manhajar da ta leƙa sai ta ɗauka faifai na gaske aka zura.

Ka nemo fayil ɗin, ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Mount. Danna shi sau biyu ma ya wadatar. Ka buɗe This PC, za ka ga sabon faifai kusa da C:. Ka shiga, ka nemi setup.exe, ka girka direban kamar yadda ka saba. In ka gama, ka danna faifan da maɓallin dama ka zaɓi Eject. Wannan ba ya goge fayil ɗin ISO, yana nan inda ka aje shi. Muddin kuma ba ka yi Eject ba, kwamfuta ba za ta bari ka goge fayil ɗin ko ka matsar da shi ba, za ta ce ana amfani da shi.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne su danna dama su nemi Mount su rasa. Yawanci WinRAR ce ta ƙwace fayil ɗin lokacin da aka girka ta, shi ya sa za ka ga tambarinsa ya koma littattafai ɗaure da bel. Ba lalacewa ya yi ba. Ka danna dama, ka zaɓi Open with, sannan Windows Explorer. In kana so abin ya zauna haka, ka shiga Choose another app, ka zaɓi Windows Explorer, ka yi alama a wajen da ke cewa kullum a buɗe da ita.

Za a iya warware ISO da WinRAR ko 7-Zip a zuba abin da ke ciki a folda, kuma ga direban firinta hakan ma zai yi. Sai dai ka ci wuri ninki biyu, sannan akwai manhajojin da sai sun ga faifai ido da ido suke yarda su tashi.

PowerISO ba mummunar manhaja ba ce, amma aikinta na mai haɗa ISO ne da gyara abin da ke cikinsa. Wadda ba a biya ba ma ba ta ƙirƙira ko gyara fayil da ya wuce 300MB. Wadda mai gyaran zai saka maka a kan 'yan kuɗi kaɗan kuwa, da wuya ta zama ta halal, kuma irin waɗannan fasassun manhajoji suna cikin manyan ƙofofin shigowar ƙwayar cuta.

Ni malama ce, ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Gusau. Kwamfutocinmu Windows 7 ne. Muna da Encarta da manhajar koyon buga rubutu a fayiloli, wasu .iso, wasu .bin da .cue, ɗaya .nrg. Wace manhaja ce ta dace da mu, kuma nawa za mu tanada?

Malama, ko sisi ba sai kun tanada ba. Gaskiya ne Windows 7 ba ta ɗora ISO, iyakarta ta ƙona shi a kan faifai, don haka ku kam kuna buƙatar manhaja. Guda uku ne aka fi sani.

WinCDEmu ita muka fi ba ki shawara. Kyauta ce, ƙarama, babu talla, kuma tana buɗe ISO da CUE da NRG da MDS da CCD da IMG, wato duk abin da kika lissafa. Lokacin girkawa Windows za ta tambaya ko a amince da direban SysProgs, ki amince, don shi ne gidan faifan kansa. Bayan nan danna fayil sau biyu kawai za ki yi, wani ɗan akwati ya fito ki zaɓi harafi.

Virtual CloneDrive, mai tambarin tunkiya, ita ma kyauta ce kuma ba ta da rigima. Tana ba da gidan faifai har 15, sai dai nau'in fayilolin da take karɓa bai kai na WinCDEmu yawa ba. DAEMON Tools Lite ta fi su suna, amma ta kyautar tana zuwa da talla kuma faifai 4 take ɗauka lokaci guda. A kwamfutar da yara ke taɓawa, manhajar da ke fito da akwatunan talla neman magana ce.

Dalilin bambancin sunayen kuwa, kowace tsohuwar manhajar ƙona faifai da nata salon: NRG na Nero ne, MDF da MDS na Alcohol 120%, CCD na CloneCD. Windows 10 da 11 ma ba su buɗe waɗannan da kansu, don haka ko kun sabunta kwamfutocin WinCDEmu za ta ci gaba da amfani.

Ki lura da BIN da CUE, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. BIN shi ne babban, shi ke ɗauke da bayanan. CUE ɗan ƙaramin rubutu ne da ke faɗin yadda aka jera su, kuma shi ake dannawa. Dole su zauna a folda ɗaya. Idan wani ya sauya wa BIN suna, CUE zai neme shi ya rasa. Maganin shi ne ki buɗe CUE da Notepad, a layin farko za ki ga kalmar FILE, sai sunan fayil a tsakanin alamun zance, sai BINARY. Ki gyara sunan ya yi daidai da na BIN harafi da harafi, ki adana.

Abu biyu za su dame ki a ɗakin kwamfuta. Na farko, manhajar da aka girka daga E: wani lokaci E: ɗin take nema har abada. Ranar da ɗalibi ya soka filas ya riga ya kama E:, faifan zai koma F:, manhajar ta ce a saka faifai alhali yana nan. Ki zaɓi harafin da ke can nesa, kamar V:, ki girka daga shi, kuma ki yi haka a duk kwamfutocin. Na biyu, faifan kwaikwayo yana ɓacewa in an kashe kwamfuta. A akwatin WinCDEmu akwai wajen alama mai cewa Keep drive after restart, ki yi masa alama ki huta da ɗorawa kowace safiya.

Idan manhaja faifai biyu ce ko uku, ta tsaya a tsakiya ta ce a saka na biyu, kada ki ɗora shi a sabon harafi. Ki fitar da na farko, ki ɗora na biyu a harafin da na farkon ya bari, sannan ki danna OK.

Wata magana a gefe: Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Ki sauke manhajar a wata kwamfutar daga shafin masu ita, ki kawo ta a filas, kwamfutocin makarantar kuma a rage barinsu a intanet.

Na kwana biyu ina sauke wani ISO mai kusan 5GB da datar wayata. Da na danna sai ya ce "Sorry, there was a problem mounting the file". Na kai wa abokina a filas, can kuma ya ƙi kwafuwa. Datata ta tafi a banza ke nan? Ɗalibi daga Bauchi.

Ƙanena, kada ka sake sayen data tukuna. Matsala biyu ce daban ka haɗa, kuma mai yiwuwa fayil ɗin lafiyarsa lau.

Ta filas ɗin ta fi sauƙi. Yawancin filas masu 32GB zuwa ƙasa suna zuwa da tsarin FAT32, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, ko da filas ɗin wayam yake. Saƙon da yake bayarwa shi ne fayil ya yi wa wurin girma, mutum ya duba ya ga sarari birjik ya rasa gane kan abin. Ka kwashe abin da ke cikin filas ɗin, ka danna shi da dama, Format, ka zaɓi exFAT ko NTFS. Format yana share komai, don haka kwashewar ba wasa ba ce.

Ta ɗorawar kuma, ka bi ta daki-daki. Fara da kwafe fayil ɗin zuwa wata folda a cikin C:, kwafi na gaske ba matsarwa ba, ka gwada ɗora sabon. Wasu manhajojin saukewa, musamman na torrent, suna yi wa fayil wata alama da ake kira sparse, wato an keɓe masa wuri ana cikawa a hankali. Windows ba ta ɗora fayil mai wannan alamar, amma sabon kwafi ba ya ɗauke da ita. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

In bai yi ba, ka danna fayil ɗin da dama, Properties, ka duba ƙasa ko akwai Unblock, ka yi masa alama. Ka kuma tabbata ba daga cikin ZIP kake ƙoƙarin buɗe shi ba, sai an fito da shi tukuna.

In har yanzu ya ƙi, sai a binciki fayil ɗin kansa. Intanet da ke yankewa yana dawowa na iya barin fayil da rami a tsakiya, girmansa ya yi kama da daidai amma cikinsa ya lalace. Ana gane wannan da lambar SHA256, wata doguwar lamba mai haruffa da alƙaluma 64 da ke zama kamar zanen yatsan fayil. Microsoft tana sa ta a shafin sauke Windows, masu Ubuntu ma haka. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

certutil -hashfile "cikakken adireshin fayil" SHA256

Don samun adireshin, ka riƙe Shift ka danna fayil ɗin da dama, ka zaɓi Copy as path, ka liƙa. Ka ba shi minti ɗaya ko biyu. Lambar da ta fito ka gwada ta da ta shafin. Ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya lalace, a nan ne kawai za mu ce datarka ta tafi. Karo na gaba ka yi amfani da manhajar saukewa mai iya ci gaba daga inda aka tsaya, kuma ka samu wajen da netwok ke zaune.

Saura abu ɗaya da ba a cika kawowa a rai ba, wato filas na jabu. Akwai masu rubutun 64GB a jiki alhali cikinsu bai wuce 8GB ba. Kwamfuta za ta nuna ta kwafe komai lafiya, amma duk abin da ya wuce ainihin girman ya bi ruwa. Ƙananan takardu ba su cika tona asirinsa ba, babban ISO kuwa nan take yake fallasa shi. Alamarsa ita ce lambar SHA256 ta yi daidai a kwamfuta, ta saɓa a filas. Manhajar H2testw, kyauta, tana cika filas da bayanai ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. Duk sabon filas ka gwada shi da ita ranar da ka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba.

Daga Maraɗi nake. Kwamfutata Windows 10 ce ta Faransanci, ina so in koma Windows 11. Na sauke ISO. Sai na sayi filas, ko ɗora shi kawai ya isa? In filas ne, mai girman nawa?

Ya danganta da halin da kwamfutar ke ciki, ɗan'uwa.

Idan tana tashi lafiya, ba ka buƙatar filas. Ka ɗora ISO, ka danna setup.exe, ka bi matakan. Kada ka damu da cewa faifan kwaikwayo zai ɓace in ta sake kunnuwa a tsakiyar aiki, ta riga ta kwashe abin da take buƙata zuwa C: kafin nan. Abin da za ka sa wa ido shi ne shafin da ke tambayar me za a bari. Kana so ka ga an ba ka damar riƙe fayilolinka da manhajojinka duka. In ka ga wannan zaɓin ya dushe ba ya dannuwa, ka tsaya, kada ka ci gaba. Kusan kullum dalilin shi ne harshen ISO ya saɓa da na Windows ɗin da ke kai. Taka ta Faransanci ce, to ISO ma ya zama na Faransanci, kuma ba na Kanada ba in ba shi ne a kai ba. Masu Turanci ma suna faɗawa wannan ramin, don Turancin iri biyu ne a shafin Microsoft, na Amurka da wanda aka kira English International. Don tabbatarwa, ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta dism /online /get-intl, ka duba layin harshen asali. fr-FR Faransancin Faransa ne, en-US na Amurka, en-GB na Ingila.

Windows 11 tana da sharuɗɗa: RAM 4GB aƙalla, ma'ajiya 64GB, TPM 2.0 (wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta), da injin sarrafawa da ke cikin jerin waɗanda aka amince da su. Yawancin laftof na hannu da suka girmi 2018 ba su cika sharaɗin ƙarshe ba. Manhajar PC Health Check za ta faɗa maka kafin ka ɓata lokaci. Tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka tunaninka na sauyawa yana kan hanya.

Idan kuma kwamfutar ba ta tashi, ko ka sa sabon rumbu (hard disk), ko kana so ka share komai ka fara daga fari, ɗora ISO ba shi da amfani, domin gidan faifai na kwaikwayo a cikin Windows yake rayuwa. Babu Windows, babu shi. Nan sai filas. Kuma jefa fayil ɗin ISO a filas kamar hoto ba ya sa ya tayar da kwamfuta, sai an rubuta shi da manhaja. Rufus ita ce sananniya: ka zaɓi filas, ka zaɓi ISO, GPT ga kwamfutocin zamani masu UEFI, MBR ga tsofaffi, ka danna Start. Za ta share filas ɗin tas. Mai gyaran kwamfuta da ke yawo da Windows iri-iri da Linux, Ventoy ta fi masa: sau ɗaya ake shirya filas da ita, daga nan sai ya riƙa zuba fayilolin ISO kamar kowane fayil, in kwamfuta ta tashi ta jero su ya zaɓa. Maɓallin zaɓen inda za a tashi F9 ne a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo.

Girman filas, 8GB shi ne mafi ƙanƙanta da Microsoft ta ce. Mu dai 16GB za mu ce ka saya, ko 32GB in da Ventoy za ka yi aiki, kuma USB 3.0, wanda galibi harshen cikin bakinsa shuɗi ne. Bambancin kuɗin kaɗan ne, bambancin jiran kuwa mai yawa.

Ko wace hanya ka bi, ka kwashe muhimman takardunka zuwa wani wuri tukuna, ka kuma cika batir ko ka tabbata da wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina da kwali cike da faya-fayai: bidiyon bikin 'ya'yana, tafsirin azumi, da karatun Alƙur'ani. Wasu sun fara tsalle. Jikana ya ce a mayar da su ISO. Me zan saya? Wata uwa daga Kano.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ke ce kaɗai a cikin masu tambayar yau da za mu ce lallai ta fitar da kuɗi, kuma gara yau da gobe, don faifan da aka ƙona a shago ba ya jure zafi da rana kamar wanda aka buga a masana'anta.

Abu biyu za ki saya. Na farko gidan faifai na waje mai igiyar USB, wanda aka rubuta DVD-RW a jikinsa, yana karanta CD da DVD duka. Jikanki ya tafi da laftof da faifai ɗaya shagon a gwada a gabansa. In ya ji yana juyawa yana tsayawa yana ƙas-ƙas, sau da yawa wuta ce ba ta isarsa daga rami ɗaya. Shi ya sa wasu ke zuwa da igiya mai kai biyu, a soka duka biyun, kuma kai tsaye a jikin laftof. Na biyu wajen ajiya. Ga lissafin: CD ɗaya 700MB ne, DVD 4.7GB, mai hawa biyu 8.5GB. CD 100 ba za su wuce 70GB ba, amma DVD 100 cikakku za su kai 470GB. A ƙirga kwalin a ga inda aka dosa. Rumbun waje mai 1TB zai ɗauke yawancin irin wannan kwali har da saura.

Sai dai maganar jikanki tana buƙatar gyara, don ba kowane faifai ne ke zama ISO ba. A zura kowanne a duba cikinsa.

In an ga fayilolin MP3, kamar yadda yawancin faifan tafsiri da karatu suke, ba a ma buƙatar ISO. A kwafe su zuwa folda kawai, a rubuta sunan malami da shekara, za su shiga waya ma.

In an ga folda mai suna VIDEO_TS, DVD ne na bidiyo. Wannan ISO ya dace da shi, zai adana har da shafin zaɓe na farko. VLC tana kunna irin wannan ISO kai tsaye, ja shi kawai za a yi a jefa a cikinta.

In kuma an ga folda MPEGAV, da fayil AVSEQ01.DAT a ciki, VCD ne, irin wanda aka yi yayi kafin DVD ta zama ruwan dare, kuma tsofaffin bidiyon biki da yawa haka suke. Shi ba ya zama ISO yadda ya kamata. ISO yana ɗaukar bayit 2048 ne daga kowane yanki na faifai, VCD kuwa yana cusa bidiyo fiye da haka a yanki, ta hanyar rage wurin da aka tanada don gyaran kuskure. Wannan ne ma ya sa ɗan ƙarzane kaɗan ke sa hoton VCD ya farfashe ya zama dabbare-dabbare. Shi BIN da CUE ake yi masa, masu ɗaukar yankin gaba ɗaya, bayit 2352. Haka ma faifan sauti na asali, wanda in an buɗe ake ganin Track01.cda. Waɗannan 'yan fayilolin alama ce kawai, kwafe su ba ya kwafe sautin, mutane da yawa sun yi haka sun zubar da faifan sun yi da-na-sani.

ImgBurn, kyauta, tana gane nau'in faifai ta zaɓi wanda ya dace da kanta. A danna Create image file from disc, a nuna mata inda za ta aje. Tsohuwar manhaja ce, rabonta da sabuntawa tun 2013, amma tana aiki. A karanta kowane shafi lokacin girka ta, a ƙi duk wata manhajar da aka liƙo.

Masu tsallen a fara da su. A goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba a zagaye ba. In karatu ya tsaya a wani wuri, a rage saurin karantawa zuwa 4x ko ƙasa, a sake gwadawa. Wani lokaci faifan da ya gagari wannan gida sai wani ya karanta shi. Bidiyon bikin kuma a yi masa kwafi biyu a wuri biyu, ɗaya a gidan wata daga cikin 'ya'yan, kuma kada a zubar da faya-fayan. Rumbun waje faɗuwa ɗaya daga kan tebur na iya gamawa da shi.

An aiko mini da saƙon imel wai takardar kuɗin kaya ce, amma abin da aka maƙala .iso ne, bai kai 2MB ba. Ɗan kasuwa daga Sakkwato.

Alhaji, goge shi. Babu kamfanin da ke aika takardar kuɗi a cikin kwafin faifai, PDF ake aikawa.

Dabarar ɓoye ƙwayar cuta a cikin ISO ta yawaita ne a 2022, bayan Microsoft ta toshe hanyar da ɓarayi suka saba bi ta takardun Word da Excel. Windows tana yi wa duk abin da aka sauke daga intanet wata alama da ke sa ta yi gargaɗi kafin a buɗe, amma a lokacin alamar ba ta bin fayilolin da ke cikin ISO. Sai a sa wani ɗan fayil na shortcut mai tambarin PDF a ciki, wanda danna shi ke kunna cutar, a ɓoye ainihin cutar a gefensa. Microsoft ta gyara wannan a Nuwamba 2022, sai dai kwamfutar da aka kashe wa sabuntawa don tsimin data ba ta san an yi ba.

Ɗora shi kaɗai ba ya cika yin ɓarna, danna abin da ke ciki ne ke yi. In ka riga ka danna, ka cire kwamfutar daga intanet, ka sauya kalmomin sirrin imel da na banki daga wayarka, sannan a yi mata cikakken bincike. Ka kuma shiga View a File Explorer ka kunna File name extensions, don ka riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil.

Na ɗora ISO na yi ƙoƙarin ajiye takardu a ciki ya ƙi. Ina son faifan kwaikwayo da zan riƙa zuba bayanan ofis in kulle. Akwai na saya? Ma'aikaciya daga Kaduna.

ISO karantawa kawai ake yi, 'yar'uwa, kamar faifan da aka riga aka ƙona. Abin da kike nema VHDX ne, kwafin rumbu maimakon kwafin faifai, kuma yana cikin Windows kyauta.

Ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta diskmgmt.msc. A sama ki zaɓi Action, Create VHD. Ki nuna inda za a aje, ki sa girma, misali 20GB, ki zaɓi VHDX da Dynamically expanding, wato ya fara ƙarami yana girma gwargwadon abin da kika zuba. Sabon rumbu zai bayyana a ƙasa. Ki danna shi da dama, Initialize Disk, sannan ki danna sararin da ke gefensa ki zaɓi New Simple Volume. Ki tabbata sabon ne kika zaɓa, ki duba girmansa, kada hannu ya kai ga rumbun kwamfutar na gaske. Daga ranar, danna fayil ɗin sau biyu ke buɗe shi, Eject ke rufe shi.

Kullewa da BitLocker ake yi, amma sai Windows Pro ko Enterprise ko Education. In taki Home ce, VeraCrypt kyauta ce kuma aikinta ke nan. Kalmar sirrin VeraCrypt in ta ɓace babu mai dawo miki da ita. Ta BitLocker kuwa tana da makullin ceto mai alƙaluma 48, ki buga shi a takarda ki adana a wajen ofis.

VHDX ya fi tsohon VHD jure ɗaukewar wuta, amma duk da haka bayananki duka a fayil ɗaya suke kwance. Ki riƙa yin Eject kafin ki zare filas ko ki tashi daga aiki, kuma duk ƙarshen mako ki kwafe fayil ɗin, yana rufe, zuwa wani rumbun.